SHEHU ABDULLAHI NA GWANDU: WAZIRIN DA YA BAR MUƘAMI YA NUFI GABAS

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutanenmu a 'yan shekarun nan, musamman masu aikin albashi. Ka zauna da ma'aikaci a Birnin Kebbi, ko wanda yake sammako kullum daga Kalgo ko Gwandu ya kama hanyar ofis, ba za ku jima ba zai ce maka ya gaji. Wani albashin ne ba ya kai shi tsakiyar wata. Wani oga ne ya sa shi gaba. Wani kuma, shi ne ma abin tausayin, zuciyarsa ce ta kasa kwanciya da irin takardun da ake turo masa ya sa hannu. Kowa burinsa ranar da zai ajiye aikin nan ya zama mai ikon kansa, ya fita sanda ya so, ya dawo sanda ya so.

Wannan tunani ba yau aka fara shi ba. Shekara fiye da 200 da suka wuce, wani bawan Allah wanda kabarinsa yake nan cikin garin Gwandu ya taɓa kaiwa inda ya ji ba zai iya ba. Muƙaminsa kuwa, in ka ɗauke na Shehu Usmanu, babu wanda ya kai shi. Ya bar shi ya kama hanya. Ina nufin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. Duk mai niyyar barin kujera ya kamata ya san yadda tafiyar nan ta ƙare, da abin da Malam ya yi daga baya.

WANE NE SHEHU ABDULLAHI?

An haife shi wajen shekarar 1766. Ƙanin Mujaddadi Shehu Usmanu ne, Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo, yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi a hannun yayansa. Daga nan ya bi malamai da yawa, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma shi da kansa ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wani ɗan littafi nasa mai suna Ida'un Nusukhi. Allah Ya hore masa Larabci ƙwarai: nahawu, sarfu, balaga, waƙa, duk ya ƙware.

Duk inda Shehu ya sa ƙafa don wa'azi, Abdullahi yana biye da shi, a ƙasar Kabi da ƙasar Zamfara da Gobir. Yana wurin a Magami ranar Babbar Salla, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta mai yawa, Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi a maimakonta a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a sassauta wa talakawa haraji, a saki 'yan kurkuku. Ka ga tun yana saurayi ya gani da idonsa yadda malami yake sayen 'yancinsa: da ƙin miƙa hannu.

Da aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, Abdullahi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, ya zama wazirinsa. Shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. A 1805 yana kan gaba a tafiyar da aka ci Birnin Kebbi, kuma a shekarar ne jama'ar Shehu suka sauka Gwandu. Wato mutumin da muke magana a kansa ba rago ba ne, ba kuma wanda aiki ya gagara ba. Wannan a riƙe shi, don zai yi mana amfani nan gaba.

ABIN DA YA KORE SHI

Nasara tana da nata ciwon. A yaƙin Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'a sun rasa mutane wajen 2000, daga ciki akwai mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A Alwasa, cikin 1805, aka sake yin asara mai girma. Mutanen da suka zauna gaban Shehu a Ɗegel, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka fito, su ne suka riƙa faɗuwa a sahun gaba. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawansu ba su sha karatun ba, ganima ce ta kawo su.

Shehu Abdullahi ya ba da labarin abin da ya gani a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Ya ga ana rige-rigen mulkin garuruwa da neman girma, ana tara dawaki da tufafin ado, cin hanci ya fara shiga, masallatai da makarantu kuwa an bar su babu mai kula. Abin da ya fi taɓa zuciya a cikin labarin shi ne bai tsame kansa ba. Ya sa kansa cikin masu laifin, ya ji tsoron cewa abin da ya kama 'yan uwansa shi ma ya kama shi. Allahu Akbar! Mu yau in muna zagin ofis, kowa ɓarawo ne sai mu. Shi kuwa kansa ya fara tuhuma.

A shekara ta huɗu bayan hijirar Shehu, wato 1807, runduna ta tashi za ta Alkalawa, babban birnin Gobir. Ana cikin tafiya Malam ya ware da mutum biyar, ya juya fuskarsa gabas, niyyarsa ya bar ƙasar baki ɗaya ya tafi wajen Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, a Madina. Sun yi kwana uku cikin daji ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye. Dubi fa, wazirin daula guda, wanda in ya yi magana dubban mahaya suke tashi, shi ne yake ratsa dawa da 'yan rakiya biyar.

ABIN DA YA TARAR A KANO

Hanyar gabas ta biyo da shi Kano, lokacin Sarki Sulaimanu yana sabon hawa. Mutanen Kano suka tare shi suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Da ya duba halin da suke ciki sai ya ga ai abin da ya guda ne ya zo ya tarar, kuma bai ɓoye musu ba.

To a nan ne darasi na farko yake. Malam ya yi tafiyar kwanaki don ya nisanci son duniya, ya iske son duniya ya riga shi isa. Haka abin yake har gobe. Wanda ya bar ofis saboda ana ha'inci, in ya shiga kasuwa zai tarar da masu tauye mudu da masu algus. In ya koma gona zai tarar da rikicin iyaka da cin bashin da ba a biya. In ya koma sana'ar waya da intanet zai tarar da damfara iri-iri. Cutar tana tare da zukatan mutane, duk inda mutane suke tana nan.

Me Malam ya yi? Ya zauna. Ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen shugabanci, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya daidaita musu alƙiblar masallaci. Mutumin da ya fito gudun mulki, sai ga shi Allah Ya sa shi ya rubuta littafin da sarakuna da alƙalai suka riƙa komawa gare shi. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wajen yayansa. Alkalawa ta faɗi a 1808, shi kuma ya ci gaba da jagorantar runduna ta yamma, har suka ƙetare kogin Kwara zuwa ƙasar Gurma.

Irin wannan ya faru da Imamul Gazali. A shekarar 1095 ya bar kujerarsa ta karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, kujerar da malaman zamaninsa suke kwaɗayi, saboda ya tuhumci niyyarsa. Ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci kafin ya fita, ya yi shekaru a keɓe, a nan ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini, sannan a 1106 ya koma karantarwa a Naisabur. Manyan nan in sun fita, gyaran zuciya suke fita nema, in sun samu kuma sai su dawo wa mutane da shi.

YANA KAN AIKI YANA RUBUTU

Da Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, shi ya sa ake ce masa Mai Boɗinga kamar yadda ake ce masa Mai Gwandu. Wajen 1812 Shehu ya raba kula da daula: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun Abdullahi. Nauyin ya ƙaru ke nan.

Amma lura da wani abu. A cikin waɗannan shekaru na ɗawainiya ne ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, kuma a cikinsu ne ya kammala babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awili, a shekarar 1231 bayan Hijira, daidai da 1816. Tafsirin da aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu, mai mulkin rabin daula ne ya rubuta shi, da tawada da alƙalamin kara, ba lantarki ba na'ura.

Ɗan uwa mai cewa aiki ne ya hana shi karatu, aiki ne ya hana shi hadda, sai ya yi ritaya zai koma makaranta, ka ji fa. Ka lissafa awannin da kake kashewa a majalisa bayan la'asar, da waɗanda waya take cinyewa bayan isha'i. Wanda bai iya amfani da awa biyun da yake da su yau ba, in an ba shi yini guda cur ma barci da hira za su raba shi.

RANAR DA KUJERA TA WUCE SHI

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilun 1817. Masu tarihi sun ruwaito cewa da labari ya iske Abdullahi ya taho, kafin ya iso an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya. Shi ne babba, shi ne waziri, shi ne farkon mai mubaya'a a Gudu, kuma a ilimi kowa ya san matsayinsa. Abin ya yi masa zafi, ɗan Adam ne, kuma an yi 'yan shekaru tsakaninsa da ɗan wansa akwai sanyi.

Wannan wata jarrabawa ce daban da ta farko. Barin kujera da kanka yana da daɗin faɗi, har mutane su yaba maka. A hana ka ita kana ganin ka cancanta, nan ake gane wanda zuhudunsa na gaskiya ne. Malam yana da jama'a, yana da dawaki, yana da hujjar da zai iya kafawa. Bai ɗaga tuta a kan Sakkwato ba. Ya koma Gwandu.

Bayan 'yan shekaru mutanen Kalambaina, wadda take kusa da Gwandu, suka yi tawaye, abin ya yi wa Malam nauyi. Sarkin Musulmi Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi haramar sauka daga kan doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da wannan aka rufe ɓarakar, Gwandu da Sakkwato suka zauna 'yan uwan juna. Allah Ya saka musu da alheri su duka.

YADDA YA TSARA ƘARSHEN RAYUWARSA

Bayan Kalambaina ne Malam ya samu abin da ya fita nema tun 1807, kuma a wannan karon ko ƙofar gari bai fita ba. Ya damƙa harkokin mulki da na yaƙi a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, mutanen da suka tashi a gabansu, aka san iliminsu da amanarsu. Shi kuma ya koma kan buzunsa, ɗalibai a gabansa, alƙalami a hannu.

A wannan lokaci ya rubuta tafsirinsa na biyu, Kifayatu Du'afa'is Sudan. Ya lura babban tafsirin ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya yi musu wanda ya fi sauƙi, a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya da mutanen ƙasar nan suka saba da su. Ya yi rubutu a kan tarbiyyar zuciya da gyaran hali. In aka haɗa da sauran abin da ya rubuta, irin su Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu, masu lissafi suna kai littattafansa wajen ɗari. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 bayan Hijira, daidai da 1829.

Wannan hali ya bi gidansa. Ɗansa Halilu, wanda ya yi sarautar Gwandu daga 1833 zuwa 1858, ya shahara da keɓewa da ibada, har Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Barth, da ya sauka Gwandu a 1853 bai samu ganinsa ido da ido ba. A garin ne kuma Baturen ya samu kwafin littafin Tarihus Sudan. Wato Gwandu ta Malam Abdullahi gari ne da baƙo zai zo daga Turai ya tarar da littafin da bai samu a wani wuri ba.

Yau fa? Ƙasashen da Gwandu take kula da su a da, wasu suna Nijar, wasu suna Burkina Faso, fadar ma tun zuwan Turawa ta koma Birnin Kebbi. Amma Diya'ut Ta'awili har yanzu ana buɗe shi a zaure da masallaci, ana rubuta digiri a kansa a jami'o'i, babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma sunansa yake ɗauke da shi. Abin da ya ba lokacinsa shi ne ya rage.

TO MU FA?

Musulunci bai ce kowa ya zauna a kujera har mutuwa ba, bai kuma ce kowa ya gudu ba. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya kuma gaya wa Abu Zarri cewa muƙami amana ne da zai zama nadama ranar ƙiyama sai ga wanda ya riƙe shi da haƙƙinsa. Imamu Abu Hanifa ya zaɓi kurkuku a kan kujerar alƙalanci. A ɗaya ɓangaren kuma Annabi Yusufu, Alaihis Salam, shi ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, don ya san zai tsare su ga kuma yunwa tana tafe. Kuma ya zo a hadisi cewa mai cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ya ƙaurace musu. Saboda haka hukuncin yana bin halin mutum ne da halin wurin aikinsa. Ga tambayoyin da rayuwar Malam take ɗora mana.

Ta farko, me kake gudu? In ana tilasta maka sa hannu a kan kwangilar da ba a yi ba, ko rubuta sunayen ma'aikatan da babu su, ko cin kuɗin marayu da 'yan fansho, kuma ka yi iya ƙoƙarinka ba ka da ikon hanawa, to fita da addininka ya fi, Allah ba zai tozarta ka ba. In kuwa tashin asuba ne ya ishe ka, ko ba ka son a ce maka yi kaza, to ka sani noman shinkafa a fadama da kiwo da zaman shago sun fi ofis tashin asuba. Kasuwa ma oga ce, ba ta kuma ba da hutun rashin lafiya.

Ta biyu, wa zai ɗauki nauyin da za ka sauke? Malam bai samu natsuwa ba lokacin da ya bar runduna a hanya. Ya same ta ne da ya miƙa amana ga waɗanda za su iya. In kai kaɗai ne malamin lissafi a makarantar ƙauye, ko kai kaɗai ne ma'aikacin jinya a ɗan asibitin, ko kai ne mai gaskiya ɗaya da ya rage a sashenku, fitarka ba taka ba ce kai kaɗai. Haka iyalinka: ciyar da su wajibi ne. Kada ka ajiye aiki da zafin rai ranar Litinin, ranar Juma'a a same ka kana neman bashin masara. Ka fara sana'ar tun kana ciki, a lokacinka na kanka, ka ga kamun ludayinta tukuna.

Ta uku, kuma a nan nake roƙon a saurara da kyau: in za ka fita, ka fita gaba ɗaya. Akwai wani salon 'yanci da ya yaɗu a tsakaninmu, mutum ya bar sunansa a takardar albashi, shi kuwa yana can kasuwar Jega ko gonar albasa, ba a ganinsa sai ranar tantance ma'aikata, wani lokaci ma ya yanka wa na sama da shi wani abu don a rufe ido. Ɗan uwa, wannan ba dabara ba ce, cin haram ne. Albashi ladan aiki ne, kuɗin kuma na jama'a ne. Yaran da suke zaune a aji babu malami, da matar da ta zo awo ta tarar da ƙofa a kulle, duk za su tsaya da kai gaban Allah. Ko dai ka yi aikin, ko ka rubuta takardar ajiyewa a ba wani. Ga matasa nan masu takardu suna zaune.

Ta huɗu, in ka samu lokacin me za ka zuba a ciki? Hadisin Ibnu Abbas a Buhari ya nuna mana cewa lafiya da sarari ni'imomi ne guda biyu da mutane da yawa suke tafka asara a kansu. Malam ya nemi sarari ne don akwai tafsiri a ƙirjinsa da ɗalibai a ƙofarsa. Kai ma ka san naka tun kafin ka fita: izu nawa za ka haddace, wane littafi za ka sauke a gaban wane malami, yaranka sau nawa za su ci abinci tare da kai, mahaifiyarka sau nawa za ta gan ka a mako. In babu amsa, to kujerar ofis kawai za ka musanya da bencin mai shayi.

Duk wanda Allah Ya kai shi Gwandu, ya tsaya ya yi wa wannan bawan Allah addu'a, ya kuma nemi ko da littafinsa ɗaya ya karanta a gaban malami. Allah Ya jiƙan Shehu Abdullahi, da Shehu Usmanu, da Sarkin Musulmi Bello, da sauran magabatanmu. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga kujerar da za ta zame mana nadama, Ya sa mu yi amfani da lokacinmu kafin a karɓe shi. Wanda yake cikin ƙunci a wurin aikinsa, Allah Ya buɗa masa mafita ta alheri. Amin summa amin.